Injin Waldar da Ka Ɗauka Zuwa Konduga

Daga Fatakwal, zuwa ga ɗana Modu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da matarka Yagana. Allah Ya tsare muku hanyar Maiduguri zuwa Konduga, tafiya da dawowa, Ya sa makarantar da aka tura ka koyarwa ta karɓe ka hannu biyu, Ya raba ka da sharrin abin da kake gani da wanda ba ka gani.

Labarin garin nan ba ni da abin da zan ba ka. Ruwa ne kullum, ni kuma ina bakin ƙofar siton da nake gadi. Na rubuta da Hausa saboda Kanurin da muke yi a baki ban taɓa iya zaunar da shi a takarda ba. Ban kuma kira ka a waya ba don na san halinka: "To Baba, to Baba," har katin ya ƙare, ba abin da ya shiga kunnenka.

Mahaifiyarka ta faɗa min ranar da kuka loda kaya daga unguwarmu Abbaganaram, bayan katifa da buhun gero, ka shiga ɗakin ajiya ka fito da injin waldata ka sa a mota. Ta ce ana gobe za ku tafi ka gwada shi a tsakar gida, ka wayi gari idanunka jajur suna zubar da ruwa, ka ce mata mura ce. Modu, ita za ka yi wa ƙaryar mura? Matar da ta sha ganin wannan jan idon a fuskata? Ta kuma ce garkuwar fuska tana nan rataye a ƙusa da fasasshen gilashinta, ko kallonta ba ka yi ba. Tun da na ji haka abinci ba ya min daɗi. Idanunka nake jin tsoro, kuma saboda su na zauna rubutun nan.

Ba zan ce kada ka yi walda ba. Da na faɗa ma ba za ka ji ba, kuma ni ne na sa maka sha'awar. Na san daɗin da ke cikinta. Mutum ya ɗauki ƙarfe biyu da ba su san juna ba, ya haɗa su, gobe ya ga matarsa ta ɗora tukunya a kai. Ni direban ofis ne a lokacin, ba sana'ata ba ce, ba wanda ya koya min. Ranakun Asabar nake yi don jin daɗina. Ƙofar gidanmu ni na yi ta, gadon da aka haife ka a kai ni na yi shi. Amma rashin mai koyarwar nan shi ya cuce ni. Yaron da ya tashi a gareji ko ba komai maigidansa zai make masa ƙeya idan ya ga ya buɗe fuska. Mai yi don sha'awa ba mai make masa ƙeya, sai ƙarfen da kansa.

Ranar da na sayi injin nan a shagon Oga Emeka, wani Inyamuri mai sayar da kayan ƙarfe a kasuwa, sai da ya biyo ni har bakin mota da garkuwa a hannu.

Ya ce, "Direba, ka ɗauki inji ka bar masa hularsa?"

Na ce, "Oga Emeka, kai dai ba ka ƙoshi da ciniki. Ina da baƙin tabarau na tuƙi."

Ya ce, "Wancan na gayu? Na rantse da Allah, duk kasuwar nan babu mai sayar da sifiyar ido. Ko Anacha ka je ba za ka samu ba."

Na yi dariya na ja mota. Da safe na sa tabarau na hau aiki. In hasken ya yi min yawa sai in kawar da kai in runtse ido, in ci gaba a makance, ina ganin na gano dabarar da ba wanda ya sani. Har azahar ban ji komai ba. Har la'asar lafiya lau. Sai a sallar magariba, liman na tsakiyar karatu, na ji kamar an kwaso yashin kogin Ngadda an zuba min a ƙarƙashin fatar ido. Hawaye suka ɓalle. Da aka sallame, Kyari mai shayi da ke gefena ya dafa ni ya ce, "Bukar, yau karatun ya shige ka." Da na faɗa masa gaskiya ya kwashe da dariya, ya ja ni teburinsa ya ɗiga min madarar gwangwani a ido, ya ce haka masu walda ke yi. Ta yi sanyi na ɗan lokaci, sannan idon ya kumbura ya liƙe da kwantsa.

Ka ga mugun halin wannan hasken: ba ya ciwo a lokacin da yake ƙona ka. Sai ka gama, ka yi wanka, ka ci abinci, sannan ya zo. Shi ya sa mutum ke raina shi. Tabarau na gayu yana rage maka ƙyallin ne kawai, abin da ke ƙona idon yana wucewa, yana kuma shigowa ta gefe. Ka sayi garkuwar walda ta gaskiya, irin wadda ake ɗaurawa a ka, don hannuwanka biyu su zama naka. Ka ɗaga ta ka kalli rana ta ciki kafin ka biya. In akwai tsaga ko da kamar silin gashi, ka mayar. Ka saukar da ita kafin sandar waldar ta taɓa ƙarfe, ko da ɗan ɗigo ɗaya za ka yi. Wannan "ɗan ɗigo ɗaya" shi ya fi ƙona ni a rayuwata. In kuma tsautsayi ya sa hasken ya kama ka, kada ka murza, kada ka yarda a zuba maka madara, ko ruwan sukari, ko nono, ko kwalli. Ka shiga ɗaki mai duhu, ka rufe idon, ka ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi a kai, kuma ka nemi ma'aikacin lafiya ya duba ka. Kai malamin makaranta ne, ba sai na ja maka kunne a kan wannan ba, amma na san yadda ilimi ke gudu idan ciwo ya zo, mutum ya karɓi duk abin da aka miƙo masa.

Daga baya na koma wajen Emeka na sayi garkuwar. Ya kalli idona ya girgiza kai. Na ɗauka shi ke nan na gama koyon darasi. Ashe fata ma tana da nata.

Ka san zafin garinmu a bazara. Sai in tuɓe in bar singileti, in ce baƙar fata irin tawa me haske zai yi mata. Wuyana da ƙirjina da damatsana suka yi ta zafi kamar an shafa barkono, bayan 'yan kwanaki suka fara saɓa. Wannan ƙarami ne. Babban ya zo ne wata Juma'a.

Ka san halin wutar lantarkinmu, ba ta sallama in za ta zo, ba ta sallama in za ta tafi. An daɗe ba a kawo ba, ni kuma ina da tagar ɗakin mahaifiyarka a yanke tana jira. Na dawo daga masallaci ke nan, da farin kaftanina na yadin roba mai sheƙi, wanda ta turara min ta kuma feshe da turare, sai na ji yaran unguwa sun ɗauki ihu an kawo wuta. Ko hula ban cire ba. Na ce kafin in canza kaya sun ɗauke. Na jona inji, na ɗauki garkuwa, na durƙusa da silifas. Tartsatsi ya faɗa cikin naɗin hannun rigar ban gani ba, saboda a cikin garkuwa ba ka ganin komai sai wurin da kake ƙonawa. Ƙauri na fara ji. Kafin in jefar da garkuwar yadin ya narke ya manne min a hannu. Auduga in ta kama tana ci ne ta zama toka, ka kakkaɓe. Yadin roba narkewa yake ya bi fatarka ya zauna.

Mahaifiyarka ta fito da gudu ta fasa ɗanyen ƙwai za ta shafa min. Allah Ya sa maƙwabciyarmu Madam Saratu, matar Malam Bitrus, mutanen Biu, wadda ke aikin jinya, ta ji ihun ta shigo.

Ta ce, "Ƙwai kuma? Falmata, soya shi za ki yi? Kawo ruwa! Malam Bukar, cire hannunka daga rigar nan, kada ka ja ta."

Ta sa aka yi ta kwarara min ruwan randa a hannun, an daɗe ana yi har na ce ya isa, ta ce bai isa ba. Ta yanke rigar da almakashi ta bar inda ya manne, ta rufe da tsumma mai tsabta ta kai ni asibiti. Tabon da ka sani a hannuna na dama ke nan, wanda kuna yara nake ce muku ruwan lagireto ne.

To ka ware kayan aiki daban, ka rataye su kusa da injin, don kada ka ce nema ya yi maka nisa. Riga mai kauri ta auduga, mai dogon hannu, a ɓalle ta har wuya. Wandon jins, kada ka naɗe ƙafarsa, naɗin nan aljihun tartsatsi ne. Rufaffen takalmi na fata, wandon ya sauko ya rufe bakinsa. Safar hannu ta fata. Kayan da suka sha turare ko mai ko fetur, nesa. Za ka yi gumi, na sani, za ka ji kamar a tukunya kake. Ka yi da sassafe, ka sha ruwa. In an kawo wuta kana cikin kayan Juma'a, ka bar ta ta tafi. Za a sake kawowa. Kuma ƙarfen da ka gama haɗawa, ko ya koma baƙi kamar ba abin da ya same shi, kada ka ɗauka da hannu. In ka ƙone, ruwa mai tsabta kawai, ka daɗe kana zubawa. Ban da man goge baki, ban da baƙin mai, ban da fasa bororon da ya taso.

Akwai wanda ya fi min ciwo fiye da hannuna. Ba ni da abin matse ƙarfe, sai in kira mahaifiyarka ta riƙe min. In ce mata, "Juya kanki kawai." Ita kuma ka san ta, ba ta yarda da aikin da ba ta gani ba, sai ta saci kallo ta ce, "Malam, ya karkace ta nan." Ni ina cikin garkuwa, ita fuskarta a buɗe, hannunta a buɗe, ga farin bangon tsakar gida yana dawo mata da hasken ko ta juya. Washegari ta kasa hura wuta. Ta zauna a ƙofar kicin da mayafi a fuska tana tankaɗe da lalube. Na fi son da ta zage ni. Ka sayi abin matse ƙarfe, Modu. Kada ka sa Yagana ta riƙe maka komai. Amarya ce, za ta so ta nuna maka tana tare da kai, za ta zo ta tsaya a kanka da kofin ruwa. Ka ce mata ta shiga ɗaki ta saki labule har sai ta ji injin ya yi shiru. In ta yi fushi, ka lallashe ta da yamma.

Yanzu ga abin da ya kawo ni garin nan. Ka san na rasa idon hagu a walda, amma ba ka san yadda aka yi ba, kuma a yadda aka yi ɗin ne nake ji maka tsoro.

Bayan abin da ya sami mahaifiyarka sai na mayar da aikin ƙofar gida. Ka san ƙofar gida a Abbaganaram. Ba mai wuce ka bai gaishe ka ba, kai kuma ba ka amsa gaisuwar babba da fuska a rufe. Wata Asabar ina gyara wa wani maƙwabci baro, sai ga Ba Goni, dattijon unguwarmu wanda ya yi wa mahaifina wanka ranar da ya rasu. Na kashe inji, na cire garkuwa, na zame takalmi na durƙusa na gaishe shi da Kanuri.

"Wushe, Ba Goni. Alanguburo."

Ya ce, "Bukar, kai ne ka zama maƙeri? Jikan malamai da wuta a hannu? To bari in ga abin da ya raba ka da majalisa." Ya ja benci ya zauna dab da ni.

Me zan ce masa? In ce Ba Goni tashi ka ba ni wuri? Bakina ba zai iya ba. In mayar da garkuwa a fuska yana min magana, kamar na rufe masa ƙofa? Shi ma ban iya ba. Sai na ce a raina bari in bar walda, in yi abin da ba ya haske har ya tafi. Na ɗauki guduma ina ɓamɓare ɓawon da ke taruwa a kan ɗinkin walda, fuska a buɗe, ina "na'am, Ba Goni, haka ne, Ba Goni." Yana ba ni labarin rikicin filin wani, na buga, wani ɗan ɓawo mai zafi ya yi tsalle ya shige min idon hagu.

Ba Goni ya ce ba komai, abu kaɗan ne. Ya sa aka kawo tsinken ashana, ya buɗe min ido da yatsunsa yana tonowa, yana tofa addu'a. Ya ce ya fita. Da niyyar alheri ya yi, Allah Ya jiƙansa, ban taɓa riƙe shi a zuciya ba. Amma bai fita ba. Ranar Litinin akwai tafiyar ofis, na ji kunyar in ce ba zan iya ba, na sa tabarau na tuƙa su. Kafin mu dawo idon ya zama abin da ba na son in kwatanta maka. Likita ya ce ƙarfen ya yi tsatsa a ciki, tonon da aka yi kuma ya shigar da ƙwayar cuta, da na zo a ranar da wataƙila an ceto shi. Hakiya ta rufe shi fari fat.

Ofis suka karɓi makullin mota. Na daɗe ina jin haushinsu, amma ko ni ne ba zan ba mai ido ɗaya ya ɗauki rayukan mutane a kan titi ba. Abin da har yau yake min ɗaci shi ne mutanen da na gyara wa ƙofofi da baro da gadaje don Allah. Sun zo sannu sau ɗaya. Da na fara neman aiki, kowa ya ce zai duba. Ga ni a garin da ba mai ce min wushe, ina buɗe wa yara sa'annin 'ya'yana ƙofa suna kirana Aboki.

Kai yanzu baƙo ne a Konduga, kuma malami. Garin manoma ne. Ranar da suka ji kana da inji, za ka ga fartanya da garma da ƙafar amalanke a ƙofarka, kowanne da dattijon da ya riƙo shi, kowanne zai ja benci ya zauna ya ga yadda ake yi. Kai kuma na san tarbiyyar da na ba ka, ba za ka iya ɗaga murya a gabansu ba. Wannan tarbiyyar ce nake tsoro. Saboda haka ka ji yadda za ka yi. Kada ka yi aiki a ƙofar gida. Ka samu lungu a bayan gida inda iska ke wucewa, ka kare shi da tsohon kwano, ban da zana, zana tana kamawa. In babba ya zo, ka kashe inji, ka ajiye komai, har guduma. Ka fito ka gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ka shimfiɗa masa tabarma a zaure, a kawo masa ruwa. Sannan ka ce, "Baba, wutar nan tana cin ido, ku huta a nan in kawo muku." In ya ce shi ya ga abin da ya fi wannan, ka ce mahaifinka ne ya yi maka rantsuwa. Ka ɗora min laifin, na ɗauka. In ya ƙi tashi, kai ma ka zauna ku yi hira, fartanyar ta kwana.

Kuma ka sayi farin gilashi mai rufe gefe, ka sa shi a ƙarƙashin garkuwa, ya zauna a fuskarka tun daga ɗaukar ƙarfe har share wuri. Yanka, gurzawa, ɓamɓare ɓawo, duk da shi. Ana gani ta cikinsa, ana gaisawa da shi, ba wanda zai ce ka raina shi. In wani abu ya faɗa maka ido duk da haka, ka wanke da ruwa mai tsabta. In kana jin shi har yanzu, ka rufe idon ba tare da dannawa ba, ka hau motar Maiduguri a ranar, ka je wajen likitan ido. Kada ka bar kowa ya sa maka tsinke, ko harshe, ko bakin mayafi, ko waye shi, ko da ya girme ni. Shugaban makaranta zai samu wanda zai riƙe masa aji.

Abu na ƙarshe, kuma mahaifiyarka ta riga ta sani. Idon dama ma ya fara hazo. Likitan nan ya ce yanar ido ce take tasowa, ya tambaye ni ko na yi aikin wuta, na ce na yi. Ya ce ana iya aiki a cire, amma mai ido ɗaya ba ya shiga ɗakin aiki da ƙarfin zuciya irin na mai biyu. Shi ya sa ka ga rubutun nan manya-manya yana hawa yana sauka. Na gaji da garin nan, Modu. Ina so in dawo gida a yi min aikin a kusa da ku. Ranar da zan sauka a tasha, ban san ko zan gane fuskarka daga nesa ba. Kai za ka hango ni. Kai za ka riƙe hannuna ka tsallakar da ni titi, ka karanta min abin da likita ya rubuta, ka zauna a bakin ƙofa har a fito da ni. In ba a dace ba, kai za ka riƙa kai ni masallaci. Ba ni da wani ɗa namiji. Don haka kada ka jona injin nan sai kayan da na lissafa maka sun cika. In kana ganin ba za ka iya ba, ka sa shi a mota ka mayar wa mahaifiyarka ta kulle, ba zan ce ka gaza ba.

Ka gaishe da Yagana, ka ce mata na ba ta izini ta ɓoye wayar injin duk ranar da ta ga fuskarka a buɗe. In ka shiga Maiduguri ka gaishe min da Malam Bitrus da Madam Saratu.

Allah Ya tsare maka ganinka da fatarka da ƙarfinka. Allah Ya kare ka daga wuta, ta duniya da ta lahira, Ya kare gidanka da hanyarka da ɗalibanka. Allah Ya sa in dawo in same ka kana gani da idanunka biyu. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Bukar